Wuƙar farauta ba a girma take ba

Edita, assalamu alaikum, ya aiki ya ƙoƙari, da fatan kai da abokan aikinka kuna lafiya. Dan Allah ka ɗan sammin fili a shafin wasiƙu in yi magana da ƙannenmu matasa masu sha'awar farauta, tunda gashi an kawar da amfanin gona, iskar hunturu ta fara kaɗawa ciyawa ta bushe, kuma kowa ya san da an zo wannan lokaci sai kaji ganga da ƙaho da haushin karnuka, motoci cike da samari an nufi daji. Maganata akan wuƙa ce. Wani zai ce don wuƙa kawai mutum zai zauna ya rubuto wasiƙa jarida? Eh, saboda abinda nake gani a ƙugun yaran nan yanzu wallahi ba wuƙar farauta bace, kayan ado ne da tsoratar da jama'a, kuma kuɗinsu suke zubarwa a banza.

Yaro zai shiga kasuwa ya ga wata zabgegiyar wuƙa ta kusa kamu biyu, tana ƙyalli kamar madubi, bayanta da haƙora irin na zarto, an zana mata kan damisa ko mikiya, ƙotar roba ce mai rami a ciki wai ana zuba ashana, irin dai wadda yake gani a finafinan Amurka, shikenan ya zaro kuɗi. Ranar farko da ya samu zomo sai ya rasa yadda zaiyi da ita, tayi tsawo tayi nauyi, tsinin yana can nesa da hannunsa baya iya sarrafa shi, yana farka ciki ya huda hanji ya fasa maɗaciya naman ya ɓaci da ɗaci. Haƙoran bayan nan kuwa banda kama gashi da tara jini babu abinda suke tsinanawa. In kuma tsautsayi yasa ya sara ƙashi da ita sai ruwan wuƙar ya rabu da ƙota, don dama ɗan guntun ƙarfe ne aka cusa a robar aka ɗaure da noti ɗaya.

To ni a ganina duk mai son wuƙa ɗaya tak da zata yi masa aikin daji gaba ɗaya, wato 'yar komai da ruwanka, ya fara tambayar kansa wai me yake kamowa ne a dajin? Mu faɗi gaskiya, dazukanmu na yanzu ba na zamanin kakanni bane. Manyan namun dawa da suka rage yawanci suna wuraren da gwamnati ta killace irinsu Yankari a Bauchi, wanda tun 1956 aka keɓe shi, da Falgore a nan kudancin Kano, kuma doka ta hana farauta a cikinsu. Abinda mafarauci ke dawowa da shi yau zomo ne, gafiya, kurege, damo, guza, bushiya, zabon daji da fakara, in anyi babbar sa'a a samu gada. Wannan duk aikin ƙaramar wuƙa ne. Ruwanta ya kasance inci 4 zuwa 5, wato kamar santimita 10 zuwa 13, in baka da abin awo ka ɗora ta a tafin hannunka, in ta ɗara faɗin tafin da kaɗan to ta isa. Da wannan zaka yanka, ka feɗe, ka farka ciki, ka raba gaɓoɓi, ka fere sanda, ka yanke igiyar kare in ta sarƙe, ka ɓare rogo ka gasa. Saran ƙashi da share hanya cikin sarƙaƙiya kuwa ba aikinta bane, wannan na adda ne ko ɗan gatari, kuma ai a ayarin farauta ba'a rasa mai su.

Sai siffa. Baki ɗaya ake so ba biyu ba. Wuƙa mai baki biyu irin wadda ake sokewa a ƙugu ko wadda Buzaye ke ɗaurawa a damtse tana da kyau a ido kuma tana da nata tarihin, amma ba don fiɗa aka ƙera ta ba, don mai fiɗa yana ɗora babban yatsa ko manuni a bayan wuƙa yana tuƙa ta a hankali tsakanin fata da nama, to in bayan ma kaifi ne ina zai ɗora? Sannan bakin ya zama yana da ɗan ciki, wato ya lanƙwaso zuwa sama wajen tsini, wannan lanƙwasar ita ke raba fata da tsoka ba tare da ta huda fatar ba, je ka tsaya wajen mahauta a kwata ka kalli wuƙar da suke fiɗa da ita zaka gane abinda nake nufi. Tsinin kuma kar ya zama siriri kamar allura, ya ɗan sunkuyo ƙasa kaɗan, yadda in ka kifa wuƙar bakin na kallon sama kana farka ciki zata bi ƙarƙashin fata ta wuce bata taɓa tumbi ba. Kaurin bayanta kamar milimita 3 ya wadatar, in ta fi haka sosai ta koma tsinken faskare, bata shiga nama da daɗi.

Amma inda maganar take da gaske shine wajen ƙarfe, kuma anan ne ake cutar mutane. Duk wuƙa tana kaifi ranar da aka saye ta, ko murfin gwangwani ka wasa zai yanka, abin tambaya shine bayan ka feɗe dabba biyu tana nan da kaifinta ko ta dakushe. Maƙeranmu na baƙi sun daɗe da sanin wannan, shi yasa na kirki a cikinsu basa ƙera wuƙa da rodi ko guntun ƙarfen ƙofa, sai suje irinsu kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna su nemo tsohon sifirin na mota, ko tsohon magagari, ko zoben boris. Dalili kuwa waɗannan ƙarafan suna da sinadarin kabon da yawa a ciki, na sifirin yakan kai wajen kashi 0.6 cikin 100, magagari ma ya fi haka, kuma kabon ɗin nan shine ke sa ƙarfe ya yi tauri in an gasa an tsoma. Rodi kuwa kabon ɗinsa kaɗan ne kuma baka san me aka narka aka yi shi ba, ko ka kwana kana tsoma shi bazai riƙe kaifi ba. Ni a wajena sifirin ya fi dacewa da wuƙar daji, don yana da juriya baya saurin karyewa, magagari ya fi shi kaifi amma in maƙeri bai iya ba sai ta zama mai gautsi, ta faɗi akan dutse ta tsinke biyu.

Kuma ko ƙarfen na da kyau in ba'a iya ba shi wuta ba aikin banza ne. Yadda abin yake, bayan an gama ƙira ana mayar da ruwan wuƙar cikin gawayi, maƙera sun fi son gawayin ƙirya don zafinsa da daɗewarsa, ana zuga har tayi ja, wajen digiri 800 kenan, alamar da ba ta ƙarya itace in ka kara mata mayen ƙarfe bazai kama ba. Daga nan sai a tsoma ta nan take. Sifirin a mai ake tsoma shi, in aka tsoma a ruwan sanyi sau da yawa yakan tsage, wani tsagin ma ido baya gani sai ranar da kake tsakiyar aiki. To bayan tsomawar nan ƙarfe yayi tauri har ya wuce kima, dole a sake ɗumama shi a hankali a wuta mara ƙarfi har bakin ya ɗauki launi ruwan zuma, wajen digiri 200 da ɗoriya, wannan ne ke cire masa gautsi. In aka bari ya wuce ya koma shuɗi to yayi laushi da yawa, ya dai yi adda amma ba wuƙar fiɗa ba. Mataki na ƙarshen nan shi masu gaggawa suke tsallakewa, musamman gab da babbar sallah da ake ƙera wuƙaƙe buhu buhu don 'yan layya, shi yasa ban ba kowa shawarar ya sayi wuƙar farauta a makon sallah ba. Ka samu maƙerin garinku lokacin da ba cunkoso, ka faɗa masa abinda kake so, ka biya shi da daraja, in da hali ka zauna ka ga tsomawar da idonka. Araha dai bata ado.

In kuma ƙerarriya ka tarar a kasuwa akwai yadda ake gwadawa, kar kaji kunyar mai kaya. Ka goga magagari a bakin a hankali, in ya kama yana cin ƙarfen kamar sabulu to ba'a tsoma ta ba, in yana zamewa yana ɗan kamawa kaɗan to tayi. Ka miƙa ta saitin idonka ka duba ko ta karkace. Ka samu busasshen ice mai tauri ka fere shi da ƙarfi sau da dama, sannan ka juya bakin a rana ka duba, duk inda kaga yana ƙyalli to nan ya lanƙwashe, in kuma kaga ƙananan giɓi to gautsi gare ta. Aske gashin hannu da 'yan kasuwa ke yi a gabanka ba hujja bace sam, wannan washi ya nuna ba ingancin ƙarfe ba.

Kar ace na tsani kayan waje, a'a. Akwai na kirki. Mora da ake yi a ƙasar Suwidin 'yar ƙarama ce ruwanta wajen inci 4, ba ado ba komai, amma mafarautan Turai da ita suke aiki. Akwai Opinel ta Faransa da ake yi tun 1890, akwai Buck 110 ta Amurka da ta fito a 1964, akwai Okapi da asalinta daga Jamus ne daga baya aka koma yinta a Afirka ta Kudu, dattawa da yawa sun santa. Kaga ko su Turawan da ake kwaikwayo wuƙar da suke fiɗar barewa da ita bata wuce tafin hannu ba, zabgegiyar nan ta fim ce kawai. Matsalar dai jabu sun cika kasuwa da intanet, suna ɗaya tambari ɗaya amma ƙarfen na cokali ne. Sannan ukun ƙarshen nan masu naɗewa ne, ni kuma ban cika son mai naɗewa a matsayin babbar wuƙar daji ba, don jini da kitse da gashi suna shiga mahaɗar su maƙale, wanke ta aiki ne, kuma duk abinda ke da mahaɗa wata rana zai saki, Allah ya kiyaye ya saki akan yatsu. A aljihu dai a matsayin ta biyu ba laifi.

Masu tambaya tsakanin baƙin ƙarfe da silba mara tsatsa wanne ya fi, silbar ana zuba mata sinadarin kuromiyam sama da kashi 10 cikin 100 shi ke hana ta tsatsa, tana da amfani ga wanda ke yawo a fadama ko bakin ruwa irin yankin Hadeja da Nguru. Amma mu da farautarmu ta rani ce, iska a bushe, tsatsa ba wata babbar damuwa bace, ka goge ka shafa ɗan man gyaɗa ko man kaɗanya shikenan. Baƙin ƙarfe ya fi sauƙin washi, ko dutsen bakin rafi ka samu zai tashi, silba mai araha kuwa ga wuyar washi ga saurin dakushewa.

Ƙota kuma mutane basa kula da ita alhali ita hannu ke riƙewa. Ƙarfen ya ratsa ta tun daga sama har gindi, a ɗaure da ƙusa biyu ko uku, ko a tanƙwashe shi a ƙarshe yadda bazai zare ba. Icen ƙirya ko marke ko kanya ko aduwa duk suna yi, amma kar a goge shi yayi sulɓi a shafa masa fenti, don hannun mai fiɗa jini ne da kitse, ƙota mai santsi ita ke sa hannu ya zarce kan kaifi. Ƙaho ma haka, kyau gare shi amma da ya jiƙe sai santsi. A bar ɗan tudu ko 'yar kariya tsakanin ƙota da baki. Ka riƙe ta a hannunka ka juya ta sama da ƙasa kafin ka biya, don hannu ya bambanta, wadda ta zauna wa abokinka kai tana iya yi maka kanta. Kuma duk ƙotar da ta tsage ko aka naɗe ta da tsumma ko robar tayar keke a canza ta, jini na shiga ciki ya ruɓe. Wannan ba ƙyanƙyami bane, zazzaɓin Lassa da aka fara ganowa a garin Lassa na jihar Borno a 1969 daga ɓera ake ɗaukarsa, ta fitsarinsa da kashinsa da jininsa, kuma da rani ya fi tashi, daidai lokacin da yara ke ƙona daji suna bin ɓeraye. Wuƙar da aka feɗe naman daji da ita a wanke ta da sabulu da ruwan zafi kafin ta taɓa albasa ko rake, mai ciwo a hannu kuma ya haƙura da fiɗa ya ba wani.

Kube ma rabin wuƙa ne. Mafarauci gudu yake yi, yana tsallake rami yana faɗuwa, wuƙa a soke a ƙugu cikin kube mai laushi in ka faɗi akanta tana iya fasa shi ta shiga cinya, kuma a cinya akwai babbar jijiyar jini da in ta yanke a tsakiyar daji kafin a kai mutum asibiti sai dai wani ikon Allah. Ka kai wa baduku ya ɗinka maka da fata mai kauri, ya sa wani siririn yanki na fata a tsakanin ɗinkin ta gefen kaifi don kar wuƙar ta riƙa yanke zaren, in ya iya sa ɓawon ice a ciki ma ya fi. Ta shiga ta zauna daram, ka kifa kuben ka girgiza kar ta faɗo. A rataya ta a gefe ko ta baya, ba gaba ba. In an gama farautar shekara kuma a zare ta a shafa mai a ajiye daban, don fatar da aka jeme da bagaruwa tana riƙe laima tana sa baƙin ƙarfe tsatsa.

Batun washi, dan Allah a daina kai wuƙar kirki wajen masu injin nan da ke tartsatsin wuta. Da kaga bakin ya canza launi yayi shuɗi to wutar da maƙeri ya sha wahala ya daidaita ta tafi, bazata sake riƙe kaifi ba sai an cinye wajen. Dutsen washi da ruwa ya isa, ka ɗaga bayan kaɗan kamar digiri 20, ka wasa gefe ɗaya har kaji ɗan ƙaiƙayi ya fito a ɗaya gefen, ka juya, ka ƙarasa akan tsohuwar fata ko bel. A gida ake wannan tun dare, ba'a fafe gora ranar tafiya. Kuma abin har da addini a ciki, hadisi ne ingantacce a Muslim cewa in zaku yanka ku kyautata yanka, mutum ya wasa wuƙarsa ya hutar da abin yankansa. Malamanmu na Malikiyya sun ce a yanke maƙogwaro da jijiyoyin wuya biyu ba tare da an ɗage hannu ba kafin a gama, to dabbar da karnuka suka kamo da sauran rai mintinta nawa ne? In wuƙarka dakusassa ce kana ta gurzawa kana ɗagawa, ga azabtarwa ga shakku akan naman, duk gudun da aka sha ya tashi a banza.

Edita, abinda yasa ma na dage akan girman wuƙar nan ba fiɗa kaɗai bace. Yau a cikin birnin Kano da an ga saurayi da doguwar wuƙa ko ɗanbida ko barandami ba wanda zai ce mafarauci ne, ɗan daba za'a ce ko mai ƙwacen waya, kuma jama'a nada hujja don sun sha wuya, 'yan sanda ma kullum cikin kamen masu yawo da makamai suke. Wasu ɓata gari suna fakewa da farauta, a fita daji a dawo a shigo gari ana zare wuƙaƙe ana karta su a kwalta, sai sunan duk mafarauta ya ɓaci, har da dattawan da suka gaji abin kuma suke taimakawa wajen tsaron ƙauyukansu. A kan hanya kuma abin ya fi haka haɗari, bamu manta da 'yan uwanmu mafarauta 16 da aka kashe a Uromi ta jihar Edo a watan Maris na 2025 suna hanyar dawowa gida yin sallah ba, Allah ya jiƙansu, basu da laifin komai, zalunci ne tsagwaronsa, amma ya nuna mana yadda ake kallon ɗan arewa da kayan farauta a wasu wurare. Don haka wuƙa ta zauna a kube a cikin jaka har sai an shiga daji, mai katin ƙungiya ya riƙe katinsa, shugabannin mafarauta da sarakunan dawa kuma su riƙa duba abinda yaransu ke ɗaukowa kafin a hau mota, duk wanda ya zo da abinda ba na fiɗa ba a ce ya mayar gida.

Sai roƙona gareku 'yan jarida, ku ɗan leƙa maƙera ku yi hira dasu, don masu iya tsoma ƙarfe da kyau suna ƙarewa, 'ya'yansu sun koma walda da acaɓa saboda an raina kuɗin aikinsu, mutum zai biya kuɗi mai yawa akan jabun wuƙa daga waje amma ya tsaya yana ciniki da maƙeri akan canjin da bai kai kuɗin katin waya ba. In kun tashi zuwa ku je da safe lokacin da ake hura wuta, kuma ku tambaye su da wane ƙarfe suke aiki yanzu da 'yan gwangwan suka sa tsohon sifirin yayi tsada.

Nagode da wannan fili, Allah ya ƙara basira.

Naku, wani mafarauci mai karanta jaridarku daga kudancin Kano.